Hannun da Ya Kasa Kai Loma Baki

Wata rana na kai Gwaggona asibiti, sashen ƙashi, inda ake yi mata gashin gwiwa.

Gwaggo Tabawa ke nan, ƙanwar mahaifina. Ƙafa ta gaji, baki bai gaji ba.

A gidanmu ba mai son raka ta, saboda tun daga zaure take fara faɗa da mai Adaidaita har a je a dawo. Ni kuwa faɗan nan nata daɗi yake min. Shi ya sa kullum ni ake turawa.

Muka tarar da layi har baranda. Muka samu benci muka zauna.

Ku da kuka daɗe a shafin nan kun san halina. In na ɗan jima ban tsokani kowa ba, sai in ji kamar zazzaɓi zai kama ni.

Na duba dama, mace ce da goyo. Ba hali.

Na duba hagu, wani ƙato ne da sandar ƙarfe. Ina son haƙorana.

Can ƙarshen barandar, bayan wani ginshiƙi, sai na hango mutum biyu sun raɓe kamar masu rabon kayan sata.

Ɗaya tsoho ne tukuf, farin gemu, da jakar fata a rataye. Ɗayan ba zai girme ni da yawa ba, amma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Babbar riga ce a jikinsa, ɓangaren dama ya yi tudu, sai ka ce zakara ya ɓoye a ciki.

Na ce wa Gwaggo, "Bari in je in ji ko zakaran na sayarwa ne."

Ta ce, "Sallau, wata rana sai an fasa maka baki."

Na ce, "In yau ne ma ai an yi a inda ya dace, ga likitoci."

Na ƙarasa na yi musu sallama, na tambaye su daga ina. Tsohon ya ce daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, inda ake noman rake.

Nan take na gyara tsayuwa. Bakano ya samu Bazazzagi! Tsakaninmu da su wasa ne tun kaka da kakanni. In na zage shi ba laifi, in ya rama ba fushi.

Na ce, "Ashe bayina ne. To ku tashi ku kwashi gaisuwa."

Ramammen nan ya ɗago kai ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe har Bakano ya shigo? Yaya, riƙe jakarka da kyau, yanzu zai sayar mana da ita kuma mu yi masa godiya."

Na yi dariya har da buga ƙafa. Na ce yau na samu daidai da ni.

Har yau ban san sunansa ba. Bazazzagi nake ce masa, shi kuma ya ce min Bakano.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya waiga ya ga ba ma'aikacin asibiti a kusa, sai ya ɗaga wa ƙanen nasa hannun riga.

Jama'a, ba zakara ba ne.

Hannun dama ne, an lanƙwashe shi an ɗaure a ƙirji da tsohon rawani, tamau. Tsohon ya shiga warwarewa a hankali. Ƙarƙashin rawanin akwai karare da aka jera aka saƙa da zare, irin na masu ɗori. Ƙarƙashin kararen kuma sai ga ƙarfe.

Ƙarfe na gaske.

Wasu tsinkayen ƙarfe sun huda fata sun shige cikin dantse, wasu sun shige ƙasan gwiwar hannu. An haɗa su da sanduna ta waje. Daidai saitin gwiwar kuma akwai wani mahaɗi mai juyawa, irin abin da ƙyauren ƙofa yake juyawa a kai.

Wato an yi wa hannun wata gwiwa ta ƙarfe a waje.

Warin man shanu da saiwa ya daki hancina.

Tsohon ya naɗe kararen cikin rawanin, ya tura ƙarƙashin benci. Ya ce wa ƙanensa, "Zauna nan, bari in wanke hannu a famfo. Kada su ji warin magani su ga kamar mun raina aikinsu."

Ya tafi.

Akwai dabino a aljihuna, wanda na sato daga ledar Gwaggo. Na zaro ɗaya na miƙa masa. Ya kawo hagu, na janye.

Na ce, "A garinku da hagu ake karɓar kyautar ubangida? Kawo dama."

Ya dube ni. Ya ɗan matso da kafaɗa, ya karɓa da yatsun dama. Yatsun lafiyarsu ƙalau.

Na ce, "To bismillah."

Ya fara ɗago hannun.

Ya ɗago kaɗan, sai ya tsaya cik.

Ya cije leɓe, ya sake yunƙurawa. Jijiyar wuyansa ta fito. Gumi ya karyo masa a goshi. Dabinon yana can wajen cibiya, bakin yana can sama.

Ya sauke hannun. Ya karɓi dabinon da hagu ya jefa a aljihu.

Ya ce, "Zan ci a gida."

Wasan ya fita daga kaina. Na zauna kusa da shi.

Shi ne ya ba ni labari.

Rake suke lodi a babbar mota. Yana can sama yana karɓar dami, ƙafarsa ta zame, ya faɗo ya dafe ƙasa da hannu. Gwiwar hannun ta goce daga mazauninta, ƙasusuwan da suka haɗu a wurin kuma suka farfashe.

Direban motar bai tsaya shawara ba, ya kwashe shi sai asibiti. Daga can aka turo shi nan. Aka yi masa aiki, aka mayar da gwiwar, aka ɗinke abin da zai ɗinku, aka kafa masa ƙarfen nan.

Ni bokona bai wuce firamare ba, amma ga yadda ya yi min bayani, kuma na gane.

Gwiwar da ta goce kuma ta karye, in aka sake ta haka nan za ta sake gocewa. In kuma aka ɗaure ta gaba ɗaya ta daɗe, za ta ƙage. Shi ya sa aka yi dabarar ƙarfe mai juyawa. Yana riƙe gwiwar kada ta fita daga wurinta, kuma yana barin mutum ya riƙa lanƙwasawa yana miƙewa a hankali, kamar yadda aka koya masa, har ƙashin ya warke.

Na ce, "To an gaya maka haka?"

Ya ce, "An gaya min. Har nuna min aka yi. Aka ce kullum in riƙa yi, ko da zafi."

Na ce, "To uban wa ya hana ka?"

Ya waiga wajen famfo, inda tsohon ya duƙa yana goge yatsunsa da ƙasa.

Ya ce, "Ka san ko wane ne wancan? Shi ne maɗorin yankinmu. Ubanmu maɗori ne, kakanmu maɗori ne. Da ubanmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya yi min aure. Daga garuruwa ake kawo masa karaya a kan jaki da babur."

Ya ci gaba.

"Sai ga shi ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya karye, an wuce ta ƙofar gidansa an kai shi wajen wasu. Ka san abin da aka riƙa faɗa a kasuwa? Wai ko 'yan gidansu ba su yarda da hannunsa ba."

Ranar da aka sallamo shi ya koma gida, yayan ya zo ya zauna ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya taɓa mahaɗin ya ga yana motsi.

Ya ce, "Sun yi ƙoƙari, amma sun bar aikin a sake. Ƙashin da yake motsi yaushe zai kama? Bari in ƙarasa musu."

Ya kawo kara, ya kawo man shanu da magani, ya tofa addu'a, ya ɗaure.

Na ce, "Kai kuma ka miƙa hannu."

Ya ce, "Bakano, kai ba ka da wa ne? Mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalli tsakiyar idonsa ba, shi zan ce wa likita ya fi shi sani? A gaban matansa da 'ya'yansa?"



Ya ce, "Kuma in gaya maka gaskiya, da ya ɗaure sai zafin ya tafi. Motsin nan da aka ce in yi, kamar ana zuba min garwashi ne. Ɗaurin Yaya kuwa sai barci. Masu zuwa dubiya kowa ya shigo sai ya ce, yauwa, yanzu aka yi aiki, ka kula kada ka motsa. Sai na ce a raina, duk mutanen nan ba za su taru su yi kuskure ba."

An ba shi ranar komawa asibiti. Ranar ta zo, yayan ya ce a bari ƙashi ya ƙara kamawa, jijjigar mota ba ta da kyau. Wata ranar ma ta zo ta wuce.

Sai da ɗaya daga cikin ramukan ƙarfen ya fara ruwa, sannan suka kamo hanya.

Na ce, "To ramar nan fa? Ko tuwon Zazzau ne ba ya kama jiki?"

Na faɗa ne don ya yi dariya. Bai yi ba.

Ya ce a ƙauyensu har yanzu ana ciyayya. In an idar da sallar magariba, kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar gidan yayan nan nasa. A shimfiɗa tabarma, a jera akusa, kowa ya sa hannu a na kowa. A nan ake jin wanda ya yi haihuwa, da wanda gonarsa ta ci ruwa, da wanda matarsa ta cika gishiri.

Tun yana saurayi bai taɓa fashi ba, sai in ba ya gari.

Ya ce, "Tunda na faɗo ban sake zama a tabarmar nan ba. Hagu ba ta shiga akushin jama'a. Kuma ba zan zauna a gaban sa'o'ina a riƙa ba ni a baki ba."

Na ce, "To a ɗaki fa? Wa zai gan ka?"

Ya ce, "Na gwada da hagu, tuwon ya ƙi wucewa. Mai ɗakina ce take ba ni, kamar yaron da ake yaye. Ina jiyo dariyarsu ta katanga. In na yi loma kaɗan sai in ce mata na ƙoshi."

Ya dubi hannun.

"Ni ba na ce sai na koma ɗaukar damin rake ba. Yara sun taso, za su yi. Hannun nan ya kai loma baki kawai, in koma cikin mutane."

Daidai nan aka kira sunan Gwaggo.

Kafin in tashi, halin nawa ya motsa. Na sa ƙafa na jawo ƙunshin kararen nan daga ƙarƙashin benci, na cusa a cikin buhun kayan Gwaggo. Na ce in tsohon ya fito nema sai in ce masa akuyar asibiti ta cinye. Ko banza na ga haƙoransa.

Ɗakin gashin babba ne, gadaje a jere, labule ne kawai tsakani. Na ɗora Gwaggo a kan gado, tana zagina wai na riƙe ta kamar buhun gero.

Ba a jima ba aka shigo da Bazazzagi da yayansa gadon da ke kusa da namu. Labulen bai rufe duka ba.

Likitar mace ce, matashiya, ba ta fi 'yata ta fari ba. Ta gaishe su da ladabi, ta ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka da safe ta duba a haske. Sannan ta kama hannun.

Ta ce, "Baba, kana motsa shi kamar yadda aka nuna maka?"

Ya ce, "Ina yi, likita."

Ta tallafi gwiwar ta fara lanƙwasawa a hankali. Hannun ya tafi kaɗan ya tsaya. Ta gwada miƙewa. Ya tafi kaɗan ya tsaya.

Bazazzagi ya runtse ido, yatsun ƙafarsa suka naɗe.

Ta sunkuya ta duba fatar. Sawun kara ne layi-layi, ya kwanta a jiki kamar wanda ya kwana a kan asabari. Ta shinshina yatsunta.

Ta ajiye hannun a hankali.

Ta ce, "Wa ya ɗaure hannun nan?"

Ya ce, "Ba wanda ya ɗaure. Kwanciya ce, ina danne shi da..."

Tsohon ya katse shi.

"Ni ne, 'yata. Kada ya yi ƙarya saboda ni."

Ta juyo ta dube shi.

Ya ce, "Ɗori gadonmu ne. Na ga kun bar shi yana lilo, na ƙarasa. Ƙashin bai kama ba ne?"

"Ya kama, Baba. Ya kama sarai."

"To alhamdu lillahi."

"Gwiwar ce ta ƙage."

Ɗakin ya yi tsit. Har Gwaggo, wadda ko a makabarta sai ta yi magana, ta rufe baki.

Likitar ta ɗora yatsa a kan mahaɗin ƙarfen.

Ta ce, "Wannan lilon da ka gani, shi ne maganin. Ƙarfen ya riga ya riƙe ƙashin, ba inda za shi. Mun bar nan a sake ne don gwiwar ta riƙa aiki tun ciwon yana ɗanye. In gwiwar hannu ta zauna wuri ɗaya ta daɗe, naman da ke kewaye da ita sai ya taurare ya riƙe ta. Abin da muka sa ƙarfen don mu guje masa, shi ya faru."

Tsohon ya ce, "Tun ban kai tsawon gadon nan ba nake riƙe wa ubanmu kara. Ƙafar da na ɗora ba ta taɓa gurguncewa ba."

Ta ce, "Na yarda, Baba. Ƙwauri daban, gaɓa daban."

 Na ga tsohon ya nemi bango ya jingina.

Bazazzagi kuwa bai tambayi ruwan da ramin yake yi ba, bai tambayi yaushe za a cire ƙarfen ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Likita, zai kai baki?"



Ta ce, "Za mu wanke ramukan, mu ba ka magani. Za mu fara gashi da motsi yau ɗin nan, kuma zai yi zafi fiye da wanda ka gudu. Zai ƙaru insha Allahu. Amma ba zan yi maka alkawarin baki ba. Lokacin da ya fi sauƙi ya wuce."

Gwaggo ta ce, "Allah sarki," can ƙasa-ƙasa.

Ihun da bawan Allah nan ya danne a ranar, da aka fara lanƙwasa hannun, na ji shi a cikin haƙorana. Bai yi kuka ba. Salati kawai yake ja, yana dukan katifa da hagu.

Tsohon ya fice.

Da muka fito na tarar da shi a baranda, ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin benci. Ƙunshinsa yake nema.

Na riga na shirya maganar akuya. Tana kan harshena.

Ya ɗago ya dube ni. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Maganar ta koma ciki.

Na buɗe buhun Gwaggo na zaro ƙunshin na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Baba, ga shi. Ni na ɗauka, wasa nake."

Ya daɗe yana kallonsa. Ya zare rawanin ya saɓa a kafaɗa. Kararen kuwa ya bar min su a hannu.

Ya ce, "Kai wa tsohuwarka ta hura wuta."

A hanyar gida ranar, Gwaggo ba ta yi faɗa da mai Adaidaita ba. Har shi ma sai da ya waigo ya ce ko jikin ne.

Damina ta shigo ta fita. Gashin Gwaggo bai ƙare ba, don ita in an ce ta yi motsi a gida sai ta ce ai ta yi da baki. Duk zuwan da za mu yi sai na leƙa bayan ginshiƙin nan. Ba su.

Sai rannan, a harabar asibitin, ƙarƙashin bishiyar darbejiya inda wata mata take sayar da shinkafa da wake, na ji an ce:

"A ɓoye takalma, ga Bakano nan."

Shi ne. Ya ɗan yi kumari. An cire ƙarfen, sai tabo ƙanana a inda tsinkayen suka fita. Yayan yana gefensa a zaune da jakarsa ta fata.

Na ce, "Bawana! Ashe ba ka mutu ba?"

Ya ce, "In mutu in bar maka duniya ka sayar?"

Muka gaisa. Ya miƙo min dama, na kama a hankali.

Na laluba aljihu. Allah ya sa akwai dabinon Gwaggo. Wannan karon ba tsokana ba ce, so nake in gani.

Ya karɓa. Ya ɗago.

Ya wuce cibiya. Ya wuce ƙirji. 

Ya zo kusa da haɓa, ya tsaya.

Ya sunkuyo da kai, ya miƙa wuya, ya turo leɓe. Saura kaɗan. Kaɗan ɗin nan kuwa ya ƙi.

Ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Ka gani ko? Ni da shi muna ganin juna, gaisawa ce ba ma yi."

Ya ce an yi gashi, an yi motsi, ya sha azabar da bai taɓa sha ba. Da farko kullum ana samun ƙari. Daga baya ƙarin ya ragu. Yanzu ya daɗe a nan inda na gani. Likita ta ce akwai wani aikin da za a iya yi nan gaba a saki gwiwar, amma ko shi ba ta ce tabbas ba.

Mai abinci ta kawo musu kwano ɗaya.

Sai na ga ya sa hagu a aljihu ya zaro cokali. Na itace ne, sassaƙar hannu, mariƙinsa ya fi na kowane cokali tsawo. Ƙarshen mariƙin duk sawun wuƙa.

Ya ce, "Yaya ne ya sassaƙa min. Da farko ya kai kamu guda, kamar muciya. Duk sanda hannun ya ƙaru sai ya sa wuƙa ya rage masa tsawo."

Na ce, "Yaushe rabon da a rage?"

Ya ce, "An kwana biyu."

Ya riƙe shi da dama, ya ɗebo shinkafa, ya kai baki. Da kansa.

Na ce, "Ciyayya fa?"

Ya ce, "Na koma."

Na ce, "Da wannan muciyar? Ba su yi maka dariya ba?"

Ya ce, "Ranar farko na fito na zauna, na zaro shi. Ka san tuwo da cokali a ƙauye. Wurin ya yi shiru. Wani sa'ana ya fara ƙunshe dariya, ina jin sa. Na yi niyyar in tashi in koma ciki, in ce na fasa har abada."

Ya nuna yayansa da haɓa.

Tsohon ya gyara zama. Ya buɗe jakar fatar nan, wadda kara da man shanu ke ciki. Ya zaro wani cokalin.

Irin na ƙanensa sak. Tsawonsu ɗaya.

Ya yi bismillah ya sa a kwano.

Hannunsa lafiya lau, jama'a. Ba abin da ya same shi.

Bazazzagi ya ce, "Haka ya yi a daren. Shi ne babba a tabarmar, wa zai yi dariya? Tun ranar bai sake cin tuwo da hannu ba. Na yi magiya har na gaji."

Na dubi tsohon na ce, "Baba, har yaushe?"

Ya haɗiye lomarsa, bai ɗago ba.

Ya ce, "Ranar da ya ajiye nasa."

Na tambaye shi ko yana ɗori har yanzu. Ya ce yana yi, in ƙwauri ne ko dantse. Amma in aka kawo masa gaɓa, ba ya ko buɗe jaka, sai ya ce a nemo mota.

Na tsaya a kansu ina neman abin tsokana. Dattawa biyu, kwano ɗaya, dogayen cokula biyu suna karo da juna. A wata rana da na yi sati ina ba da labarin ina dariya.

Ban samu ko kalma ɗaya ba.

Suka ce in sa hannu. Na duba hannuna na dama, na lanƙwasa shi na miƙe, na sake lanƙwasawa. Tunda aka haife ni ban taɓa lura yana yin haka ba.

Na ce musu na ƙoshi.

Darasi:

Ba maƙiyi ne ya ƙage hannun mutumin nan ba. Wanda ya fi kowa son sa ne, da ilimin da ya gada, da kyakkyawar niyya. Shi kuma mai hannun ya san gaskiya, kunya ta hana shi faɗa.

In likita ya sa maka ƙarfe ya ce ka motsa, ka motsa, ko da kana hawaye. In ya ba ka rana, ka koma a ranar. Kada a haɗa aiki biyu a hannu ɗaya ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. In kuma babba ne a gida ya ce a yi wani abu daban, kada ka yi masa rashin kunya, kada kuma ka yi shiru. Riƙo hannunsa ku je wajen likitan tare, tun da wuri, ya ji da kunnensa. Da an yi haka tun farko, da tsohon nan ya gane, don ba mai taurin kai ba ne. Ba a gaya masa ba ne sai da lokaci ya ƙure.

Ku kuma masu zuwa dubiya, ku kai addu'a da lemo, ku bar shawarar da ba a tambaye ku ba a gida.

In akwai mai karaya a danginku ko a unguwarku, tura masa wannan yau, ka tura wa wanda yake jinyarsa. Sauran kuma ku yaɗa shi, ku sa Bazazzagina a addu'a, Allah ya sa a sake rage wa cokalin nan tsawo.